Da Saura, Malam

Shafi na 23

Masu turo mini saƙo kuna cewa na cika mugunta da na bar Inna Kubra tana gudu cikin taɓo, ku yi mini afuwa, ba ni na kawo ruwan ba. Wadda ta san hawayenta a kusa suke ta sauke tukunyarta kafin ta fara karanta wannan.

*

Ana idar da sallar la'asar zauren Malam Hambali ya cika.

Inna Kubra tana zaune a bakin ƙofar da ke shiga cikin gida, ta ja mayafi har goshi. Ƙafafunta sun kumbura suntum saboda gudun jiya. Kunnenta ɗaya yana wajen mazan da ke zaure, ɗayan yana wajen mijinta, wanda ta bari a gindin rumbu yana ɓare gyaɗar da ta zuba masa don hannunsa ya sami abin yi.

Shi bai ma san don shi aka taru ba. Da safe da ya ga mutane cirko-cirko a ƙofar gida, tambayarta ya yi ko haihuwa aka yi.

Abin da ya tara su kuwa ba ƙarami ba ne. Malam Hambali shi ne ladanin wannan ƙauye na ƙasar Kiyako tun zamanin da ake hawa katanga a yi kira, lasifika ba ta zo ba. Jiya, ana tsakiyar azumi, hadarin farkon damina ya rufe sama gari ya yi duhu, sai ya buɗe masallaci ya kunna lasifika ya kira magariba. Mutanen da suka taso suna shan ruwa da muryarsa ba su tsaya duba komai ba. Mata suka kai kunu baki, tsofaffi suka gatsa dabino. Kafin samari masu agogo a waya su fito suna ihu, aikin gama ya gama. Hadarin ya yaye, rana ta leƙo jawur a kan itatuwa, ta tarar da rabin gari yana taunawa.

Liman Yunusa ne ya fara magana.

"Na faɗa a masallaci, zan sake faɗa. Wanda ya sha ruwa jiya ramuwa ce kawai a kansa bayan sallah, babu kaffara. Shi kuwa Malam, ko zunubin ƙwayar gero bai ɗauka ba. Wanda hankali ya gushe masa an ɗauke masa alƙalami."

Mai'unguwa Ɗanbala ya gyara zama.

"Allah gafarta Malam, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Ni tsakanina da mutane nake. Jiya da ƙyar na hana samari shigowa gidan nan. Ka ga dai duwatsun da aka jefo, ga su can ba a ko kwashe ba."

"Na gani."

"To, yau duwatsu ne. Gobe ban san mene ne ba."

Ya juya wajen Badamasi, babban ɗan gidan, wanda tun da aka zauna bai ɗaga kai daga kan tabarma ba.

"Kai ka nemo motar. Gaya wa mahaifiyarka da bakinka."

Inna Kubra ta ɗago kai. Ta ji ƙugin mota ɗazu a ƙofar gida, ta ɗauka baƙi aka sauke.

Badamasi ya haɗiye yawun da babu.

"Inna… akwai wani malami a ƙasar Gwaram. Yana karɓar masu irin wannan larurar. An ce ana dacewa. Maikuɗi direba ya ce in an sha ruwa sai mu kama hanya."

"Gidan mari," in ji ta.

"Ba haka ba ne, Inna, ana yi musu rubutu, ana…"

"Da sarƙa a ƙafa ake shan rubutun ko babu?"

Ya ƙara sunkuyar da kai.

Ta san gidan. Jiya-jiyan nan ta ji labarinsa, daga bakin wata Hapsatu 'yar Kwandiko da ta kai mahaifinta can. Hapsatu ta ce da ta je ganinsa ta tarar da idon sawunsa ya zama gyambo, yana zaune cikin fitsarinsa, yana gaishe da duk wanda ya wuce yana tambaya ko an ga 'yarsa. Ita ce 'yar, tana tsugune a gabansa. Ba a yi wata da dawo da shi ba aka yi masa sutura.

Mai'unguwa ya ce, "Inna Kubra, ba wanda ke son wulaƙanta Malam. Amma ke ma da laifinki. Mace mai miji a wannan hali, ana azumi, me ya kai ki Birnin Kudu?"

"Taro na je."

"Taron me? Biki ko suna?"

"Taron masu jinyar irin nasa."

Wani daga can ƙarshen tabarma ya yi tsaki.

Allah ya sani, zuwanta na farko ke nan. Ummussalma, ma'aikaciyar lafiyar da ke duba hawan jinin Malam, ta daɗe tana roƙonta ta zo ko sau ɗaya ta ga 'yan uwanta. Ta tafi da hantsi da niyyar dawowa kafin la'asar, ta bar wa surukarta Ruƙayyatu amanar kada ta bari ya fita. A can ta tarar da mata da 'yan maza a barandar wani gida, kowa da nasa. Wata ta ce tsohuwarta a tukunyar miya take ɓoye takalma. Inna Kubra ta yi dariya har da hawaye, dariyar da ta manta yadda ake yin ta. Wannan dariyar ce yanzu ta tsaya mata a maƙoshi.

A dawowa ruwa ya cika kwari, mota ta kasa hayewa. Ta sauka ta tattare zani ta kama tafiya a ƙasa. Tana hango itatuwan gari ta ji muryarsa ta tashi a lasifika, tas, ba gargada. Ta san lokaci bai yi ba. Ta yi gudu tana ihu kada a sha, kada a sha, ba kowa a hanya sai awaki.

Liman ya yi gyaran murya.

"Ni abu ɗaya ya ɗaure mini kai. Mun san Malam ya tsufa, shi ya sa ma muka bar masa asuba da magariba, mataimakinsa Rabi'u na yin sauran. Mun san yakan manta sunan mutum. Amma kiransa bai taɓa kaucewa ba. Ko da hadari ko babu. Har cewa muke yi a cikinsa agogon yake. Ya aka yi ranar da kika fita, ranar ya kauce?"

Duk idanu suka koma bakin ƙofa.

Inna Kubra ta dubi hannayenta. Abin da ta daɗe tana dannewa ya zo mata wuya, kuma ta gaji. Wallahi ta gaji.

"Babu wani agogo a cikinsa, Liman."

"Ban gane ba."

"Ni ce."

Badamasi ya ɗago kai a karo na farko.

"Tun daminar waccan da ta wuce, kafin ta bara, Malam bai san asuba daga isha ba. Yakan tashi da rana tsaka ya ce a ba shi buta gari ya waye. Ni nake duba masa. In na ga kaji sun shige akurki, rana ta faɗi, sai in ce ya yi. In da hadari in kunna rediyo. Shi dai tambaya ɗaya yake yi: Kubra, ya yi? In na ce ya yi ya tashi. In na ce da saura ya koma ya zauna."

"Innalillahi," wani ya ce a hankali.

"Akwai ranar da bai san ni matarsa ba ce. Ya ce mini baiwar Allah me kike yi a ɗakina. Amma da yamma ta yi sai ya juyo ya ce, Kubra, ya yi? Shi ke nan abin da ya rage masa, Liman. Ya manta gonarsa, ya manta 'ya'yansa. Wannan ɗin ne bai tafi ba."

Mai'unguwa ya kama haɓa.

"To kiran kansa fa? Ai shi yake yi."

Da ta yi shiru a nan da ya fi mata. Amma bakin ya riga ya buɗe.

"Wani lokacin yana kakarewa. Sai ya kai shahada ya tsaya. Nakan bi shi a baya da bokiti kamar mai zuwa rijiya, in tsaya jikin tagar nan ta gabas. In ya tsaya in ɗan faɗa masa farkon kalmar, shi kuma ya ɗauka."

Nan fa zaure ya ɗauki salati.

"La'ilaha illallahu! Ashe kiran mace muke amsawa?"

"Duk sallolin nan namu!"

"Ni fa na sha jin wata 'yar murya a bayan tasa, na ɗauka batirin ne ke wasa!"

Liman ya ɗaga hannu.

"Ku saurara. Sallarku tana nan lafiya lau, lokaci ne sharaɗi, kuma a kan lokaci kuka yi ta. Ba a nan gizo…" Ya katse kansa ya girgiza kai. "Inna Kubra, me ya hana ki gaya mini?"

"Da na gaya maka da ka karɓe mukullin masallacin."

"Da na karɓa."

"To shi ya sa."

Ba wanda ya dube ta da irin duban da Badamasi ya yi mata. Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Inna, a gida ɗaya muke kwana. Katanga ce kawai tsakaninmu. Ni ba ɗansa ba ne?"

Ta ƙara jan mayafinta.

"Kin bar ni ina zama a majalisa ina cika baki ina cewa Baba garau yake. Kin bar Ruƙayyatu jiya da shi ba ki gaya mata dalili ba. Ya ce mata zai je masallaci, wace suruka ce za ta tare wa surukinta hanyar masallaci? Tun jiya take kuka tana cewa ita ta karya wa gari azumi!"

"Kunya na ji masa," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ban so a ce ladan ya haukace."

"To yanzu me ake cewa?"

Wannan ta shige ta har ƙashi, don gaskiya ce.

Ana cikin haka aka ji tsayuwar babur a waje, sai ga sallamar mace. Ummussalma ce, gefen hijabinta duk taɓo. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaida manya ɗaya bayan ɗaya, sannan ta raɓa ta zauna kusa da Inna Kubra.

"Yauwa," in ji Mai'unguwa. "Ga mai taron. Ke kika janye ta daga gida."

"Ni ce, ranka ya daɗe. Kuma da na san ita ke riƙe da lokacinsa da ban bari ta taho ba tare da mun shirya wani ba. Ni ma ba ta gaya mini ba."

"To kin ga abin da taronku ya haifar."

"Ranka ya daɗe, alfarma na zo nema. Kada a kai Baba gidan mari. Ba aljani ba ne a jikinsa, ba sammu ba ne. Ciwon mantuwa ne, ƙwaƙwalwa ce ke lalacewa a hankali, kamar yadda ido ke mutuwa ko kunne. In aka raba shi da ɗakinsa da fuskar Inna aka sa masa ƙarfe, abin da ya rage masa ma zai tafi."

"Kuna da maganinsa?"

"Akwai abin da ke ɗan sassautawa, ya sami barci, ya rage firgita."

"Ba haka na tambaye ki ba. Yana warkewa?"

Ummussalma ta dubi Inna Kubra, ta dubi ƙasa.

"Ba ya warkewa."

"Gaba yake yi ko baya?"

"Gaba."

Mai'unguwa ya buɗe hannuwa yana duban jama'a.

"Kun ji. Ita ta ce ba ta da magani. Malamin can ya ce yana da shi. Wa za mu bi?"

"Wanda ya gaya muku gaskiya, ranka ya daɗe."

"Gaskiyar da za ta bar mana shi yana kira tsakar rana?"

"Ba a bar muku shi ba, ku ne za ku riƙe shi. A Yalwan Damai akwai wani tsoho irinsa, maƙwabta suka raba zama. Wannan da safe, wancan da yamma, mai jinya ta sami ta runtsa. In ya fita, duk wanda ya gan shi ya kamo hannunsa ya dawo da shi gida. Matan ƙungiyarmu za su riƙa zuwa. Ni zan riƙa zuwa. Mutum nawa ne a nan Malam bai yi wa huɗuba a kunne ba ranar da aka haife shi?"

Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka kama duban azara.

Sai wani dattijo ya ce, ba da faɗa ba, "'Yata, ruwa ya sauka jiya. Gobe kowa shuka zai fita. Wa zai bar gonarsa ya zo gadin tsoho?"

Badamasi ya ce, "Ni ma abin da na gani ke nan. Malama, kina tsammanin daɗi nake ji? Ubana ne. In na tafi gona, Inna ta zaga bayi, ya fita ya sake kira, yaran nan suka fasa masa kai, me zan ce wa Allah? Gara ƙarfe a ƙafarsa da dutse a kansa."

"Badamasi."

Kowa ya juyo. Inna Kubra ce ta faɗa. Ɗan fari ne, tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba.

"Badamasi, in za ka sa masa mari, ka sa ƙafa ɗaya tasa ɗaya tawa, ka bar mu a ɗakinmu."

Ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa suna rawa.

Daga tsakar gida aka jiyo muryar Malam Hambali.

"Kubra! Baƙin nan an kai musu ruwa kuwa?"

"Azumi ake, Malam."

"Af. To, to. Allah ya ba mu lada."

Liman ya share ido da gefen rawaninsa, ya karkata wajen Mai'unguwa suka yi ƙus-ƙus. An jima Mai'unguwa ya numfasa.

"To. Saboda Liman, da kuma girman Malam, ga abin da na yanke. Mukulli ya koma hannun Rabi'u tun jiya, wannan an gama. Maikuɗi yana nan, a zauren nan za mu sha ruwa gaba ɗaya. In magaribar yau ta wuce Malam bai buɗe baki ya yi kira ba, mota ta koma ba kowa, mu zauna mu duba maganar yarinyar nan. In kuwa ya kira, a waje ne ko a cikin gida, ko maƙwabci ɗaya ya ji, to ba riƙuwa zai yi ba. Da shi za a tafi."

"Ranka ya daɗe," in ji Ummussalma, "to a ce wa Rabi'u yau ya yi kira da baki, kada ya kunna lasifika. In Baba ya ji wani a kanta…"

"Bayan abin da ya faru jiya? Yau ma ya fi kowace rana buƙatar gari ya ji da kyau. Na gama magana."

Inna Kubra ta dafa ƙofa ta miƙe. Ba ta yi godiya ba, ba ta yi musu ba. Inuwar rumbu ta riga ta haye katanga, ta san abin da ya rage ba shi da yawa.

*

"Malam, taso mu shiga ciki."

"Me za a yi a ciki? Nan ya fi iska."

"Sauro ya fara fitowa."

Ya yarda. Kullum yana yarda da ita, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Ya kama hannunta ya miƙe, ɓawon gyaɗa na zuba daga cinyarsa. Ta kai shi ƙuryar ɗaki, ta zaunar da shi a bakin gado, ta ɗauko tsohon zani ta toshe 'yar tagar, ta saki labule.

Ummussalma ta biyo su da kwanon kunu da dabino a faifai.

"Inna," ta ce da raɗa, "a ba shi ya sha yanzu. Azumi ba ya kansa, kin ji Liman. In cikinsa ya yi nauyi wataƙila barci ya ɗauke shi."

Ai da rana ma yakan ci. Yakan manta ya sha ruwa, an jima ya ce mata azumin yau da sauƙi. Ba ta taɓa tuna masa ba.

Ta miƙa masa kwanon.

Ya dubi kunun, ya dube ta, ya ture a hankali.

"Haba Kubra. Ladan ya sha ruwa kafin ya yi kira?"

Yau da ake so ya manta, yau ya tuna.

Ummussalma ta zauna a ƙasa ta fara jan shi da hira. Ta tambaye shi zamanin da, ta tambaye shi wa ya koya masa kira. Ya washe baki ya fara ba ta labarin katangar tsohon masallaci, yadda yake hawa da tsani cikin ruwan sama. Ya kai tsakiya ya dawo farko, ya sake kaiwa tsakiya ya dawo farko. Ummussalma tana ta cewa ikon Allah, sai kuma aka yi yaya, Baba?

Inna Kubra ba ta jin ko ɗaya. Kunnenta yana waje. Ta ji Ruƙayyatu ta wuce da kwanuka zuwa zaure. Ta ji awaki sun shigo. Sannan ta ji fuka-fukin kaji suna tururuwar shiga akurki.

Shi ma ya ji.

Ya tsaya cak a tsakiyar magana. Ya ɗauki dabino ɗaya ya jefa a aljihu yadda ya saba, ya laluba wuyansa inda igiyar mukulli take zama. Bai ji ta ba, amma bai damu ba. Ya juyo.

"Kubra, ya yi?"

Ba ta buƙatar taga. Jikinta ya san lokacin nan fiye da yadda ya san yunwa.

Ya yi.

A duk tsawon ciwon nan ta yi masa ƙarairayi ba adadi. Ta ce masa mahaifiyarsa ta tafi unguwa, alhali kabarinta ya daɗe da shafewa. Ta ce masa jakinsa yana wajen kiwo. Amma a kan lokacin sallah ba ta taɓa ba. Shi ne abu ɗaya da ya miƙa mata ya rufe ido.

Ummussalma ta matse mata yatsun ƙafa.

"Da saura, Malam."

"Da saura?"

"Da saura."

"To."

Ya koma ya zauna, ya haɗa hannuwa a kan gwiwa, yana jira kamar yaron da aka ce ya zauna kada ya motsa. Hawaye suka zubo mata, ta bar su, don ko ta share wasu ne za su zo.

Sai lasifika ta yi ƙara.

Zanin da ta toshe taga bai tare komai ba. Muryar Rabi'u ta shigo ɗakin kamar a tsakar gida yake.

Malam Hambali ya ɗaga kai. Ya saurara. Ya juyo ya dube ta, kuma wallahi ta daɗe ba ta ga idonsa ya waye haka ba.

"Kin ce da saura."

"Malam…"

"Kubra, kin ce mini da saura."

"Ka yi haƙuri, Malam, ka zauna, don Allah ka zauna."

"Na makara. Wani yaro ya hau mini. Mutane na jirana da ƙishirwa!"

Ya miƙe da ƙarfin da ba ta san yana da shi ba. Ummussalma ta tare ƙofa tana cewa Baba ga kunu, Baba an riga an yi. Bai ko gan ta ba. Da ya ga ba hanya sai ya juya ya fuskanci gabas, nan tsakiyar ɗaki, ya gyara tsayuwa, ya kai yatsu kunne, ya ja numfashi.

"Allaaa…"

Inna Kubra ta yi tsalle ta rufe masa baki da tafin hannunta.

Ita, da ko sunansa ba ta taɓa kira ba. Ita da take tsayawa jikin taga cikin sanyin asuba tana ɗora masa kalmar nan a baki.

Bai ture ta ba. Ci gaba ya yi da kiran a cikin hannunta. Tana jin ɗumin kowace kalma a tafinta, hawayensa na gangarowa ta tsakanin yatsunta, idonsa a kanta yana tambayar abin da ya yi mata.

"Ka yafe mini," take ta faɗa. "Ka yafe mini, Malam, ka yafe mini."

Labule ya ɗaga.

Badamasi ne, da kofin ruwa a hannu, ko kurɓa bai yi ba. Ya ga uwarsa. Ya ga hannunta. Ya ga ubansa da yatsu a kunne.

Inna Kubra ta girgiza masa kai.

Daga zaure muryar Mai'unguwa ta taso.

"Badamasi! Kamar na ji an ɗauko kira a ciki. Malam ne?"

Badamasi ya dubi ƙofar zaure. Ya dawo ya dubi hannun Inna, wanda ya fara zamewa daga bakin tsohon.

"Badamasi, da kai nake! Shi ne ko ba shi ba ne?"